Autanmu ya tafi Indonesiya koyar da Turanci, amma hotunan biki kawai muke gani

Yayar Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin nan ya fara damuna. Autanmu ya gama jami'a, maimakon ya tsaya neman aiki sai ya ce shi aikin sa-kai zai tafi, koyar da Turanci a Indonesiya. Aka yi ta kai ruwa rana, a ƙarshe Baba ya sa masa albarka ya tafi. Yana wani ƙauye a tsibirin Java, ba nisa da Yogyakarta, a gidan wasu bayin Allah da suka karɓe shi. To tun da ya sauka, yau ka gan shi a kan wani tsohon gini na duwatsu, gobe ya ɗaura zane irin nasu yana raba shayi a gidan biki, jibi yana gindin dutse mai aman wuta yana washe baki. Allo ko alli ban taɓa gani ba. Jiya Mama ta ce mini, "Anya yaron nan aiki ya je yi?" Na rasa abin da zan ce mata. Waɗanda suka san irin wannan tafiya, don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Ɗan Gardama:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ai kin riga kin amsa wa kanki. Yawo ne, an laƙa masa sunan taimako don ya yi daɗin faɗa. Kuma ba Autanku kaɗai ba, sana'a ce da ta kafu. Matashi ya biya wata ƙungiya kuɗi, su samo masa gida da makaranta, ya yi 'yan makonni yana tafi da rera waƙa da yara, ya dawo da takardar shaida da zai haɗa da takardun neman aiki. Yaran fa? Sun saba da shi ke nan sai ya yi sallama, wani ya zo ya sake faro musu daga sunayen launuka da ranakun mako. Wani wurin ma abin ya fi haka muni. A 2018 Ostireliya ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani, saboda an gano ana cika wasu gidajen da yaran da iyayensu ke raye, don dai baƙi masu tausayi su zo da kuɗinsu.

Malam Mai Alli:
Ɗan Gardama, sannu a hankali. Abin da ka faɗa game da gidajen marayu gaskiya ne, amma ba gidan marayu aka ce yaron nan yake ba, makaranta aka ce. Kada ka yi masa kuɗin goro.

'Yata, ni na yi rayuwata a aji har na yi ritaya. Hoto ba ya nuna koyarwa. Wa zai tsaya ɗaukar hoto yana fama da yara talatin? Abin da za ki tambaye shi shi ne tsawon zaman da zai yi, sannan wa yake tare da shi a ajin. In shi kaɗai aka sakar wa yara, ba horo, ba malamin wurin, to ina bayan Ɗan Gardama. In kuwa yana taya malamin da zai ci gaba da zama bayan ya tafi, maganar ta sha bamban. Dubi Peace Corps, hukumar tura 'yan sa-kai ta Amurka da aka kafa a 1961: sai sun horar da mutum kusan wata uku, sannan ya yi shekara biyu a wurin da aka tura shi. Ba don suna son wahalar da shi ba ne, sun san watannin farko baƙo koyo yake, ba koyarwa ba.

Ɗan Gardama:
To Malam ai ka ƙara mini hujja. Shekara biyu ka ce. Waɗannan na yanzu mako shida suke yi.

Ɗalibi a Malang:
Ni a Java nake karatu, a gabashin tsibirin, bari in sa baki. Yaya, wannan ginin duwatsun da kika gani Borobudur ne, kusan kilomita 40 daga Yogyakarta. Wanda ke zaune a yankin zai je da safe ya dawo kafin la'asar, ba wata tafiya ba ce. Dutsen kuma Merapi ne, in gari ya yi garau daga ƙofar gida ma ana hango shi. Saboda haka hotunan nan ba sa nufin ya bar aiki.

Batun biki kuwa, duk wanda ya zauna a ƙauyen Java ya san ba a tambayar ka ko kana so. In maƙwabci zai aurar da 'ya, unguwa ce gaba ɗaya ke tashi, kuma wanda ke kwana a gidan wani ɗan gida ne. Da a ce ya kulle kansa a ɗaki, wannan ne zai ja masa magana.

Maman 'Yan Biyu:
Ina bin zancen nan da kyau, don babbar 'yata ta dame ni da irin wannan tafiya. Shi Autan ba ya cikin zauren nan ne? A kira shi mana ya kare kansa.

Auta a Java:
Ga ni, Anti. Wani ya turo mini tun ɗazu, ina makaranta. Yaya, wato ƙarata kika kawo gaban jama'a? Allah ya huci zuciyarki.

Dalilin da ba kwa ganin hoton aji, makarantar ta hana mu ɗora fuskokin yara a intanet, kuma na ga dacewar haka. Amma bari in ba ku yadda ranar take.

Ƙarfe bakwai na safe ake shiga aji. Kafin nan malamai na tsaye a bakin ƙofa, yara na wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama hannun malami ya kai goshinsa ko kuncinsa. Ƙaramar sakandare ce, farar riga da shuɗin wando ko siket, yawancin 'yan matan da farin hijabi. Ran Litinin akwai taron ɗaga tuta a fili kafin komai. Darasi minti 40 ne, kuma kowane aji ya haura yara talatin. Shekarar karatu guda zan yi, tana farawa a Yuli ta ƙare a Yuni, ba mako shida ba. Kuma ba ni kaɗai nake shiga ba, Malam. Akwai malamar Turanci ta makarantar, ta haife ni ma, kowa Bu Guru yake ce mata, wato Malama. Ita ke riƙe da manhaja da jarrabawa da maki. Ni nawa sa yara magana.

Nan ne kuma aikin yake. Yaran nan a takarda ba laifi, ka ba su cike gurbi su cike. Ka ce wani ya tashi ya faɗi abin da ya yi jiya, sai aji ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Kunya ce da tsoron a yi musu dariya. Ga shi a harshensu aikatau ba ya sauya siffa don abu ya wuce ko yana tafe, sai dai a ƙara kalmar da ke nuna lokaci, don haka sauye-sauyen Turanci na yi musu kamar neman fitina. Wakilin suna ɗaya suke da shi ga namiji da mace, sai yaro ya fara labarin babansa ya ƙare da "ita". Kuma nasu rubutun yadda aka rubuta haka ake karantawa, to haka suke yi wa Turanci, harafi bayan harafi.

Ɗalibi a Malang:
Ƙarin bayani kan wannan: manhajar 2013 ta cire Turanci daga darussan dole na firamare. Shi ya sa a ƙauyuka za ka tarar da yaron da bai taɓa zama darasin Turanci sosai ba sai da ya shiga aji bakwai, wato shekarar farko ta ƙaramar sakandare, alhali ɗan birni da iyayensa ke biyan darasin yamma ya yi nisa.

Ɗan Gardama:
Madalla, ka iya tsara magana. Amma har yanzu ba ka gaya mana abin da raba shayi a gidan biki ya ƙara wa yaran ba.

Auta a Java:
Yayana, shi ne ma nake son in zo kai.

Lokacin da na iso, wasu iyaye ba su ɓoye mamakinsu ba. An ce musu baƙo zai zo koyar da Turanci, su kuma Bature suka zana a ransu, sai ga baƙar fata daga Afirka. Ba wanda ya ci mini fuska, mutane ne masu kara ƙwarai, amma kana gani a ido. Yaran ma kallona kawai suke yi. In na yi tambaya, sai su kalli Bu Guru.

Ana haka sai aka tashi bikin 'yar ƙanwar matar gidanmu. Kwanaki kafin ranar, mata suka cika bayan gida, an shimfiɗa tabarmi, wasu na yanka albasa da barkono, wasu na kankare kwakwa, tukwane a kan itace tun asuba. Wannan taya aiki rewang suke ce masa, kuma ba a biyan kowa, bashi ne da za a rama ranar naka. Maza suka kafa rumfa ta cinye rabin titi, aka lanƙwasa ɗanyen ganyen kwakwa mai ruwan ɗorawa a bakin hanya, alamar nan ake biki. Samarin unguwa su ke hidimar baƙi, sai maigidanmu ya ce ai ni ma saurayin unguwa ne. Aka ba ni rigar batik irin tasu, aka ɗora mini faranti cike da kofunan shayi mai zafi da sukari. Hoton da ya tayar wa Yaya hankali ke nan.

Bayan ɗaurin aure aka haɗa ango da amarya. Suka jefi juna da naɗaɗɗen ganye, sannan aka ajiye ɗanyen ƙwai a ƙasa, ango ya taka shi da ƙafa ba takalmi, amarya ta durƙusa ta wanke masa ƙafar da ruwa mai furanni. Daga nan su biyun suka rarrafa gaban iyaye, suka kifa kai a gwiwoyinsu suna neman gafara da albarka. Uban amarya, dattijon da ban taɓa ganin ya yi ko murmushi ba, sai ga hawaye. Duk wannan ina tsaye da faranti, gumi na zuba, kuma rabin ajina na wurin, don ƙauyen duk dangin juna ne.

Ran Litinin ina shiga aji suka fashe da dariya, wani yana kwaikwayon yadda nake tafiya da faranti. Sai na ce musu da Turanci, ni fa ban gane komai ba, me ya sa aka fasa ƙwai? Wallahi ajin da ba ya magana sai ga hannuwa sama. Wannan ya ce don a samu haihuwa ne, wancan ya ce a'a, alamar miji ya ɗauki nauyin gida ce, suka kaure da musu, Turanci a karye, ana cusa nasu harshen a tsakiya. Bu Guru ba ta ce uffan ba, ta ɗauki alli tana rubuta kowane aikatau da suka faɗa, a gefensa siffarsa ta abin da ya wuce. Akwai wata yarinya a layin baya da ban taɓa jin muryarta ba. Da na jera abubuwan na sa wankin ƙafa kafin jifa da ganye, da gangan, sai ta miƙe ta ce ba haka ba ne, ta jero su daidai tun daga farko. Jimla biyar ko shida, ita kaɗai.

Abin da na lura, a darasin littafi ni ne mai sani, su ne masu jin tsoron kuskure. A zancen bikinsu su ne masana, ni ne baƙon da bai san komai ba. Tun daga ranar a kan haka muke gina darasi.

Malam Mai Alli:
Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma ka lura da wadda ta yi aikin a labarin nan. Kai ka buɗe musu baki, ita ta kama abin da ya fito ta mayar da shi darasi. Da ba ta wurin, da an sha dariya an tashi. Ka riƙe matar nan da kyau, ka zauna ka kalli yadda take yi.

Almajirin Zaure:
Ni duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini, me ya kai Musulmi ɗakin gumaka har da ɗaukar hoto? Wancan ginin ai wurin bautar mabiya Buddha ne.

Auta a Java:
Malam, ba bauta na je yi ba, kallo na je, kuma maigidanmu ne ya kai ni, mutumin da ba ya rasa jam'in asuba. Yawancin masu aiki a wurin da masu sayar da kaya a bakin ƙofa Musulmi ne, ana kiran salla kana ji daga ƙauyukan da ke kewaye. An gina shi tun wajen ƙarni na 9, zamanin sarakunan Sailendra, kafin Musulunci ya yaɗu a Java. Dutse ne aka sassaƙa aka jera hawa-hawa, bangon cike da zane sama da 2,600, har da jiragen ruwa da manoma da kasuwa, ka ga yadda mutanen lokacin suka rayu. A can sama akwai wasu gine-gine 72 masu kama da ƙararrawa da aka kife. Daga baya aka yi watsi da shi, toka da daji suka rufe shi, sai a 1814 aka sake tono labarinsa. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991. Yanzu ma ba a barin kowa ya hau yadda ya ga dama, an ƙayyade adadin masu hawa a rana, kuma sai ka sa wasu takalma na saƙa da suke bayarwa don kada dutsen ya ci gaba da suɗewa.

Malam Mai Alli:
Almajiri, Alƙur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Hukuncin shiga irin wuraren nan kuwa a bar wa malaman fiƙihu, kada mu karkatar da zancen baiwar Allah.

Almajirin Zaure:
Na ji, amma ni dai ba zan je ba.

Auta a Java:
Ba dole, Malam. Wani abin dariya a wurin: makarantu kan turo ɗalibai da takarda da biro su nemi baƙi su yi musu tambayoyi da Turanci, aikin gida ne. Sai ka ga garken yara sun yi wa Bature ɗaya zobe, wataƙila ma Bafaranshe ne da Turancinsa bai kai nasu ba. Ni suka wuce ni kamar ba su gan ni ba. Da na yi wa wasu magana suka ji, sai ga layi, kowa da tambayar sunanka wa, daga ina kake, kana son abincinmu. Daga ƙarshe kuma hoto, wannan ba fashi.

Ɗan Gardama:
To na yarda ba zaman banza kake ba. Amma ga inda ba za ka kuɓuce mini ba. Kuɗin jirginka zuwa da dawowa, da abin da ka biya ƙungiyar da ta tura ka, in aka tara aka ba malamin ƙasar, wata nawa zai yi yana koyarwa? Na karanta cewa suna da malaman wucin gadi da albashinsu ba ya kai su ko'ina. Kai ka samu Borobudur da biki da labarin da za ka yi ta bayarwa har tsufa. Su sun samu darasi mai daɗi na shekara ɗaya. Wa ya fi cin riba?

Auta a Java:
Ni na fi ci, ba na musu. Kuma malaman da kake faɗa akwai su a makarantarmu, guru honorer ake kiran su. Akwai wanda in an tashi yake hawa babur ya yi haya har dare. Ina zaune kusa da shi a ofishin malamai, ni da na zo don ra'ayi, shi kuma da wannan yake ci da iyali. Abin yana tsaya mini a rai. Sai dai kuɗin jirgin nan da ban zo ba, ba aljihunsa za su shiga ba, kai ma ka sani.

Ɗalibi a Malang:
Akwai abin da zai ƙarfafa maganar Ɗan Gardama, ko da yake ba gefensa nake ba. A nan gabashin Java, a Pare da ke yankin Kediri, akwai wurin da ake kira Kampung Inggris, wato ƙauyen Turanci. Wani mutum mai suna Kalend Osen ya fara koyarwa a wurin a 1977, yau cibiyoyin koyon Turanci sun haura ɗari a ƙauyuka biyu. Matasa na zuwa daga duk faɗin ƙasar, su kama ɗaki, su yi wata ɗaya ko uku, kowa a kan keke. Masu koyarwar kusan duk 'yan ƙasa ne. Ke nan ba su rasa masu iya nahawun Turanci ba, kuma duk ɗan sa-kan da ya zo da tunanin shi ne zai cece su ya yi kuskuren adireshi.

Abin da baƙo ke kawowa daban ne. Yaro ya san in ya maƙale da Bu Guru zai koma harshen gida ta gane shi. Da baƙo kuwa ba mafita, dole ya lalubo kalmar. A ƙauye irin wanda Auta yake, wataƙila shi ne mutum na farko da yaran suka taɓa buƙatar Turanci don su yi magana da shi.

Malam Mai Alli:
To in haka ne, ɗana, akwai tarko a gabanka. Kullum kana ƙara jin harshensu, ko ba haka ba? Ranar da yaran suka gane kana fahimta, amfanin nan da Ɗalibi ya faɗa ya tafi.

Auta a Java:
Sun riga sun fara gwada ni, Malam! Sai wani ya faɗi abin dariya da harshensu yana kallon fuskata ya ga ko zan murmusa. Mun yi yarjejeniya da Bu Guru, cikin aji ban san komai ba sai Turanci. A gida kuwa dole in koya, don kakar gidan ko harshen ƙasa ba ta cika yi ba, Javanci take yi, shi ma mai hawa-hawa, yadda za ka yi wa tsoho magana daban da yadda za ka yi wa abokinka.

Yayar Auta:
Kakar gida kuma? Lallai ka samu dangi. Shi ya sa ranar Salla sai dare muka ji muryarka, Mama na ta duban waya.

Auta a Java:
Yaya, ranar ba ta hannuna. Lebaran suke ce wa ƙaramar Salla, kuma kafin ta zo miliyoyin mutane ke barin Jakarta da sauran birane su koma garuruwansu. Gidanmu da muke mu biyar sai ga mutum ko'ina, har a falo ake kwana. Daren Salla yara suka zaga gari da ganguna da fitilu ana kabbara har tsakar dare. Da aka sauko idi aka jeru, babba kafin ƙarami, kowa ya durƙusa gaban kaka ya nemi gafara, sannan gaban iyaye. Ina gefe ina kallo sai kaka ta yafito ni. Na durƙusa, ta dafa kaina ta yi ta magana, ban tsinci ko rabi ba. A nan ne kewar Mama ta kama ni sosai, na fita bayan gida na ɗan jima. Daga nan aka ci ketupat, shinkafar da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa, da kaza a romon kwakwa, sai zagayen gidaje, kowane gida sai ka zauna ka ci wani abu. Da aka koma makaranta ma sai da duk ɗalibai da malamai suka yi dogon layi ana musabaha ana yafe wa juna.

Yayar Auta:
To ka kira ta ka gaya mata wannan da bakinka, ba ni za ka bari da isar da saƙo ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ni yanzu ku dawo da ni kan tawa matsalar. In na ce zan bar yarinyar nan ta tafi, me zan duba?

Ɗalibi a Malang:
Anti, fara da biza. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki ba, kuma jami'an shige da fice na Indonesiya ba sa wasa da wannan, ana tsare mutum a mayar da shi gida. Duk ƙungiyar da ta ce "ta shigo a matsayin mai yawo, ba komai", ku rabu da ita. Dole a samu wanda zai tsaya mata a can a hukumance. Kuma masu fasfo na wasu ƙasashe, har da wasu na Afirka, sai an yi ƙarin tantancewa daga Jakarta kafin a ba su, don haka a fara da wuri.

Sannan ki nemi a ba ki lambar makarantar ki yi magana da malamin da za ta taya, ba ma'aikacin ƙungiya kawai ba. Ki tambayi inda kuɗin da za ku biya ke tafiya, nawa ne ke isa gidan da za su ciyar da ita. Inshorar lafiya kuma ba abin wasa ba ce. Da damina, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, zazzaɓin dengue na yawa, sauron da ke kawo shi da rana yake cizo. Sai babur: a hagu ake tuƙi a nan, kuma baƙi da yawa a kan babur suke jin ciwo.

Auta a Java:
Ƙari ɗaya, Anti. Ta tambaya ko wani ɗan sa-kai ya riga ta a makarantar, da abin da ya koyar. Wanda ya riga ni bai bar ko takarda ɗaya ba, ƙungiyar da ta turo mu ma ba ta tambaye shi ba. Ni ina rubuta kowane darasi a babban littafi da ke ajiye a teburin Bu Guru.

Maman 'Yan Biyu:
Dutsen mai aman wutan fa? Shi ne ya fi tsorata ni.

Ɗalibi a Malang:
Merapi ba abin rainawa ba ne, a 2010 ya kashe mutum sama da 300, tokarsa har Borobudur ta rufe. Amma ana sa masa ido dare da rana, akwai matakan gargaɗi, kuma in hukuma ta ce a tashi daga wani yanki ana tashi. Ki tambayi nisan ƙauyen daga bakin dutsen kafin ki amince.

Ɗan Gardama:
Littafin nan da ka ce kana rubutawa, shi ne abu na farko da ya burge ni a duk zancen. Amma littafi a kan tebur ba ya koyar da kowa. In ka tafi a Yuni, wa zai ci gaba da sa su magana?

Auta a Java:
Mun fara zaman hira da Turanci bayan an tashi, sau ɗaya a mako, kuma da gangan ba ni nake jagoranta ba. 'Yan aji tara ke tsara abin da za a tattauna, ni ina zaune a baya. Makon jiya gasar ranar 'yancin kai ta 17 ga Agusta suka ɗauko, yadda ake hawan sandar da aka shafe da mai don ciro kyaututtuka a samanta. Shirinmu shi ne in na tafi mu riƙa haɗuwa ta bidiyo lokaci-lokaci.

Ɗan Gardama:
'Yan aji tara ai su ma a Yunin za su fita. Kai da su rana ɗaya za ku bar makarantar.

Malam Mai Alli:
Nan kam ya kama ka, ɗana. Ka jawo 'yan aji takwas tun yanzu, su riƙa jagoranci tare. Kuma ka tabbata shugaban makaranta ya sa zaman cikin jadawali da sunan wani malami, in ba haka ba ranar da aka buƙaci ɗakin don wani abu shi ke nan.

Auta a Java:
Zan kai wa Bu Guru maganar gobe. Matsalar ita ce 'yan aji takwas suna da horon sikawut a ranar da muke zama, sai dai mu matsa zuwa Laraba, ita kuma Laraba tana koyarwa a wata makarantar da yamma. Wataƙila malamin nan mai babur ya karɓa in za a riƙa ba shi wani abu, zan tambayi shugaban ko akwai hanya.

Ɗan Gardama:
In shugaban ya ce babu kuɗi, ka dawo nan ka faɗa mana nawa ne a wata da rupiah. Ni zan fara sa nawa.